Doguwar da Habu Ke Hawa

Tun da na dawo ban sayar da wache, shinkafa da wakenmu, cikin kwanciyar hankali ba. Mace za ta zo da kwanonta, maimakon ta ce a sa mata ƙwai ko taliya, sai ta tsaya ta ce, "Mma Rabi, wai da gaske ne?" Na faɗa a bakin famfo, na faɗa a gidan suna, na faɗa a cikin motar haya ta trotro har maƙogwarona ya bushe. To ga shi na zaunar da maƙwabciyata Malama Hajara, ina faɗa tana rubutawa, tana gyara mini "ya" da "ta" inda Hausarmu ta unguwar Nima, a nan Ankara ta Gana, ta cakuɗa su. Wanda ya ƙara tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ɗana Habu bakanike ne, a Abosokai, kasuwar kayan gyaran mota, ya koyi aiki. Matarsa Memuna 'yar Malam Isaka ce, limamin wani masallaci a unguwar Mamobi kusa da mu. Habu ya bi wata motar albasa da ya gyara wa inji zuwa Nijar, ya ce mako biyu zai yi. Wata ya wuce, wani ya bi shi, har muka daina ƙirga. Ran nan sai ga direban motar da kaset a hannu, ya ce a Doso aka ba shi ya kawo mini.

Lokacin nan ne ruwan dam ya ja baya, wuta yau akwai gobe babu. Sai da muka samo batir, muka zauna a tsakar gidana bayan la'asar, ni da Memuna da babanta da direban. Aka danna. Abin da ya fara fitowa, fuuu, fuuu, kamar ana hura garwashi. Muryar Habu tana zuwa tana ɓacewa. "Mma, ina lafiya... Doguwa... kullum da safe sai na hau... in ta yi kuka sai na ba ta mai... iska... ba zan iya barin ta yanzu ba." A bayansa wani abu yana ƙiii-ƙyat, ƙiii-ƙyat kamar goge, mata kuma suna rangaɗa guɗa.

Ko yaron goye a zongo ya san Doguwa sunan iska ce ta 'yan bori. Malam ya tambayi direba wane gari ne, ya ce wani ƙauye ne wai shi Tudun Baushe, a ƙasar Arewa ta Nijar, bayan Dogon Dutsi. "Can dai Habu Mai Iska ake ce masa." Arewa kuwa, tun muna yara ake ba mu labarin borinta.

Malam Isaka ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "'Yata ba za ta yi zaman auren ɗan bori ba. Gobe zan tara dattawa a raba."

Na ce, "Malam, ka ba ni zuwa da dawowa. In na tarar da abin da kake zato, ni da bakina zan zo in ce ka raba, kuma ba ni ba shi har in mutu."

Ya ce, "Idonki na yarda da shi, Mma Rabi. Tsakuwa ba ta wuce ki a cikin shinkafa. Amma in watan azumi ya kama ba ki dawo ba, na gama magana."

Da safe ya aiko mini da kwalbar rubutu. Memuna kuwa ta cusa mini a cikin jaka gwangwanin shito, yajin nan namu na cikin mai, wanda ta kwana tana soya wa mijinta, idanunta jajur ba don barkono kaɗai ba.

A tashar Tudu na shiga motar Aflawo. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Bayarabiya mai fataucin atamfa, Iya Sikira, mai Hausa kamar jakin Kano da agogon zinare a hannu. Tun kafin mu wuce Tema ta san sunana da sana'ata da yawan jikokina. Abin da zai kai ni Nijar ne kaɗai ban gaya mata ba. Na ce ziyara.

Iyakar Aflawo da ƙafa ake ƙetare ta. Ka ɗaga ƙafa a Gana, ka sauke ta a cikin birnin Lome, ga teku a hannun damarka tana rugugi. Ma'aikacin da ke duba kaya ya ɗaga kwalbar rubutu ya haska ta a rana, na ce magani, ya mayar. Ya buɗe gwangwani ya ga abu baƙi ƙirin cikin mai, ya yi magana da Faransanci. Iya Sikira ta ce, "Wai man inji ne?" Na ce, "Gaya masa ya ɗanɗana." Bawan Allah ya lakata da yatsa ya sa a baki. Sai ga hawaye, sai tari, abokan aikinsa suna riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ɗaga mini babban yatsa, ya roƙi a ɗan zuba masa a takarda. Na zuba masa kaɗan. Na miji ne, ba na rabo ba.

Muna fita iskar teku ta fizge mini mayafi, ta yi titi da shi. Ni tsohuwa ina gudu a bayan mayafi a ƙasar mutane! Da na kama shi na zage ta tas. Ban san uwargijiyar ɗana nake zagi ba.

A Kwatano muka sauka gidan ƙanwar Iya Sikira. Mutanen can burodinsu dogo ne kamar taɓarya, a hammata suke rataye shi ba ko takarda, ga ɓawo mai yanka dasashi. Mu a Nima in ka kawo wa mutum irin wannan sai ya ce kwanansa uku. Na jiƙa shi a shayi ya sha ruwa kafin ya yarda.

Jirgin ƙasa na Paraku da sassafe yake tashi. Iya Sikira ta duba agogonta ta ce akwai sauran lokaci, har ta sa aka ɗumama mini tuwo. Muka je tasha muka tarar da ƙarfen dogo kawai, babu jirgi. Wai ashe agogon ƙasar ya fi namu da awa guda, ita kuma ta manta ba ta juya nata ba. Na ce, "Rana ɗaya ce a kanmu, wa ya ƙara musu awa?" Mai gadin tashar ya ce haka abin yake. Iya Sikira ta dinga "Mma, yi haƙuri, Mma, yi haƙuri," ni kuwa watan azumi kawai nake hange. Ranar da jirgi na gaba zai tashi ban saurari agogon kowa ba. Kiran sallar farko ina kan babur ɗin haya, karo na farko a rayuwata, na ƙanƙame rigar mai tuƙi har na ji ɗinkinta ya saki.

Jirgin nan ba ya sauri, amma ba ka yunwa. Duk tashar da ya tsaya mata sun taso da faranti a ka, ta taga ake ciniki. Da fari abarba, can gaba rogo, da muka yi arewa sai doya manya-manya. A Paraku na kwana biyu a zongonsu, gidan wani mai masauki da matansa ke daka sakwara su uku a turmi ɗaya, da miyar gyaɗa da wagashi soyayye, cukun nonon shanu. Wagashinmu na Ankara ɗan'uwan wannan ne na nesa. Na ci na ƙara, na kuma ji kunyar kaina, ɗana yana hannun iskoki ni ina neman ƙari.

Daga nan babbar mota har Malanbil, muka haye gadar Kwara muka shiga Gaya. A tashar Gaya na yi abin da har yanzu in na tuna sai in ji zafi a kunne. Na je wurin ɗan kamasho na ce, "Motan Doso ya tashi?" Ya juya ya kira abokansa. "Ku zo ku ji, motar Hajiya namiji ce!" Wani ya ce, "Hajiya, daga Gwanja?" Na ce, "Daga Ankara, inda kuke kai albasa kuna roƙon mu saya. Namiji ne ko mace, ya tashi ko bai tashi ba?" Suka bushe da dariya, suka ba ni gidan gaba kusa da direba, har da ƙullin kilishi.

Mutanen can gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Mu a Nima kana tafiya kake gaisuwa, kafin a amsa ka sha kwana. Su sai an tsaya, a tambayi gajiya, a tambayi rana, a tambayi gida da dabbobi, lahiya lau, lahiya lau, sannan a dawo kan gajiyar a sake. A Dogon Dutsi na sha fura da nonon da cokali ke tsayawa a ciki. Nan na jira ranar kasuwa, na samu amalanken shanu mai komawa Tudun Baushe.

Mai amalanken dattijo ne mai surutu. Mun ɗan taɓa tafiya ya ce, "Hajiya, ganin Doguwa za ki?"

Na ce, "Ana zuwa ganinta ne?"

"Daga nesa ma! Hakimai sun zo. Ai ta rufa wa garinmu asiri. Matanmu har waƙa suka yi mata."

Na ce, "Ka san wani Habu?"

"Habu Mai Iska? Shi kaɗai ka hawanta. Mi ne ne naki?"

"Ɗana ne."

Ya saki igiyar shanu ya tafa hannu. "Kai, Hajiya, kin haihu!"

Na zura hannu a jaka na riƙe wuyan kwalbar rubutu, ina karanta duk abin da na iya. A zuciyata ina shirya maganar da zan gaya wa Malam Isaka, da yadda zan kalli Memuna.

Da hantsi muka isa. Wata mata gajera mai faɗin kafaɗa, Tani sunanta, ta tare ni da ruwa a ƙwarya, ruwa garai-garai. Ban sha ba. Na ce ina Habu. Ta ce, "Shina bisa Doguwa. Taho in kai ki." Muna tafiya sai na fara jin abin nan na cikin kaset, ƙiii-ƙyat, ƙiii-ƙyat. Muka zagaya bayan wani rumbu.

Jama'a, ƙarfe ne! Hasumiya ce ta bututun ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta fi giginya tsawo, a kan bakin rijiya. A samanta wani faifai mai fukafukai yana juyawa, rana tana walƙiya a jikinsa, ga wutsiya a baya kamar ta kifi. Wata doguwar sanda tana hawa tana sauka cikin rijiyar, duk saukar da za ta yi ta ɗago sai ruwa ya tuttulo daga bakin bututu zuwa cikin tanki. Babu mai ja, babu jaki, babu inji. Can ƙololuwa kuma ga wani mutum ya saƙale ƙafa, da gwangwanin giris a ɗaure a ƙugu.

"Mma!" Muryar ta faɗo daga sama. "Mma! Ke ce?"

Na ce, "Sauko."

Ya sauko kamar biri, baƙin mai har gwiwar hannu, ya durƙusa. Na dube shi sama da ƙasa. Ya yi baƙi, ya rame, amma idonsa nasa ne.

Na ce, "Wannan ce Doguwar?"

"Ita ce, Mma. Matan garin ne suka sa mata, don tsayinta. Ba ki ji kaset ba? Ai na yi bayani duka."

"A ina ka ɗauki maganar?"

"Nan gindinta, don ku ji ƙararta."

Wato iskar da yake yabo ita ta cinye masa rabin magana. Na gaya masa abin da muka ji, da abin da surukinsa ya ce, da wa'adin azumi. Bakinsa ya buɗe bai rufe ba. Tani kuwa da sauran matan da suka taru, da suka gane, wata har zama ta yi a ƙasa don dariya. Ni ban yi dariya ba. Na ciro kwalba na ce, "Shanye."

"Mma, ai kin gani lafiyata..."

"Ƙasa uku na ƙetaro da ita. Shanye."

Ya shanye tas. Sannan na miƙa masa shiton matarsa. Ya buɗe ya shinshina, ya juya mana baya ya daɗe yana kallon rijiya.

Kada ku ce daga nan na yarda. Ni ba a nuna mini saman tukunya a ce abinci ya nuna. Kwana biyar na yi, kuma babu abin da ban bincika ba. Na ga jan ƙyalle a ɗaure can sama, na ce na mene ne. Ya ce da shi yake gane inda iska ta dosa da ƙarfinta. Na ga baƙin bunsuru kullum a gindin hasumiyar, na sa masa ido kwana biyu, ashe inuwar tanki yake bi. Na zagaya ƙafafun nan huɗu ina tona ƙasa da sanda ko zan ga jini ko gashin kaza. Giris kawai na samu. Na kuma bi bututun da hannu har ƙarshe, ko akwai wani inji a ɓoye. Babu.

Labarin kuwa shi ne, wasu Turawa ne suka kafa ta shekarun baya, ta yi aiki ta lalace, ta tsaya tana tsatsa tsuntsaye suna sheƙa a kanta. Motar albasarsu ta mutu kusa da garin, Habu yana jiran kayan gyara, ya ɗaga kai ya gan ta. Kun san ɗan Abosokai, in ya ga ƙarfe a tsaye ba ya motsi sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya hau, ya ga abin da ya ci, ya sa mata boris na ƙafar mota, ya yanka tsohuwar duro ya maye fukafukan da suka karye. Fatar da ke tsotso ruwa a ƙasan rijiya kuwa badukun garin ne ya yanka. Ranar da ruwa ya fito, ranar ya ɗauki kaset. Guɗar da muka ji ke nan.

Tani ce ta sa na gane girman abin. Ta kama hannuna ta kai ni tsohon bakin rijiyar, ta nuna mini gungumen da ke gicciye. Igiya ta ci shi rami-rami, yatsana yana shigewa har ya ɓace. Sannan ta buɗe mini tafin hannunta. Ni mai wanke tukwane ce shekara da shekaru, amma ban taɓa ganin hannun mace haka ba, kamar ƙasan ƙafar mai yawo ba takalmi.

Ta ce, "Hajiya, igiyar rijiyar ga in an miƙe ta sai ta kai masallaci. Mu ukku muka jan guga guda. Tun asuba har rana ta take, sannan a koma daka. Cikina biyu suka zube a bakin rijiyar ga."

Na ce, "Ba a taɓa kawo muku inji ba?"

Ta kai ni wata 'yar rumfa. Ga shi nan kwance, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. "Wanga shi ne Alhaji. Sai an ba shi mai shi ka aiki, man kuma sai Doso, wani lokaci Doson ma babu. In ya tashi hayaƙi da ruri, shanu ba su yarda su matso. Da wani abu ya karye cikinsa aka ce sai an aiko daga ƙasar Turawa. Muna nan muna jira." Ta nuna sama da haɓa. "Ita ko Doguwa, mi taka ci? Abin da ka wucewa bisa kanmu banza."

Wannan magana ta zauna mini. Na tuna layin kananzir da muka sha a Nima, da galan-galan a jere tun daga gidan mai har bakin kwata. Na tuna yadda muke zaman jiran wuta saboda ruwan dam ya ƙafe. Iska fa? Wa ya taɓa bin layin iska? Ba a loda ta a mota, ba a tsare ta a kan iyaka a ce buɗe mu gani. Babu mai shagon da zai ɓoye ta a bayan kanta ya ce ta ƙare. Wadda ta juya faifan nan yau ba ta rage ta gobe ba. Kwana biyar ina zaune a gindinta ban yi tari ko sau ɗaya ba, ni da hayaƙin itace ya riga ya cinye wa ƙirji.

Ga kuma abin da ruwan ya haifar. A bayan tanki mata sun kewaye fili da ƙaya, sun shuka tumatir da salak da yakuwa, kore shar a tsakiyar rani. Ruwan da ya zube daga kwamin shanu ma ba ya tafiya banza, an yi masa hanya zuwa gindin zogale. 'Yan matan da da suke wuni a kan igiya, na gan su da rana tsaka suna kitso. Habu ya kuma haɗa wata ƙarama a kan ɗakin unguwarzoma, da dainamon mota, tana cika batir, batir yana ba da fitila. Unguwarzomar ta ce mini ta daina karɓar haihuwa da tocila a baki.

Amma zan faɗi aibinta, don ni ba dillaliya ba ce. Rana ta huɗu iska ta kwanta. Faifai ya tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Na ce wa Habu, "To, uwargijiyarka ta yi fushi." Ya ce, "Barci take, Mma. Don haka aka yi tanki." Gari ya sha daga tanki ranar, aka hana wanki, aka ba lambu kaɗan. Tani ta ce in ta kwana uku ba ta tashi ba sukan koma wa guga, shi ya sa ba su yar da igiyar ba. Washegari da hantsi jan ƙyallen ya ɗaga, faifai ya yi ƙiii, yara suka ruga suna ihu. Haka kuma in hadari ya taso da ƙarfi dole a ja wata sarƙa a naɗe wutsiyar, in ba haka ba ta kakkarye. Abin da ya riƙe Habu ke nan. Yana koya wa maƙerin garin da Tani da wasu mata biyu yadda ake naɗe ta da yadda ake sauya fata, kuma yana so ya ga sun yi da hannunsu a hadarin farko.

Na ce, "Ita Tanin za ta hau can?"

Tani ta ce, "Hajiya, wadda ta ja igiyar ga shekara ashirin, tsani zai ba ta tsoro?"

Ranar da zan taho na wanke kwalbar rubutun nan, na tara ta a bakin bututu na cika, na toshe. Habu ya so ya sake yin kaset. Na ce a'a, bakinka ya isa haka, ni zan kai.

Dawowa ban tsaya ko'ina ba. Motar albasa na samu tun daga Doso, na zauna a kan buhu kwana da kwanaki, har yau in na yi gumi albasa nake ji. Da muka iso bakin teku iskar nan ta sake kama mini mayafi. Wannan karon ban zage ta ba. Na tsaya ina jin yadda take turo ni, na ce a raina, kullum da yamma haka kike shigowa Ankara, kina ɗaga mana kwanon rufi kina zubar da shanya, ba wanda ya taɓa ba ki aiki. Na tambayi Habu wannan tun a can. Ya ce a cikin lungunan Nima gidaje sun tare ta, sai an yi tsayi sosai ko a fita fili wajen bakin ruwa ko kan tudu, amma ƙarama mai cika batir za ta yi a kan bene. Ku matan da muke bin layin famfo tare, ku riƙe wannan, za mu yi maganarsa.

Saura kwana uku a ga wata na isa. Ban sauke jaka a gida ba, Mamobi na wuce. Na tarar da Malam Isaka a ƙofar gida a kan buzu ana shirin azahar, Memuna, da ya dawo da ita gidansa, tana leƙe ta bayan labule. Na ba shi labari tun daga gungumen rijiya har baƙin bunsuru. Yana saurare yana jan carbi, fuskarsa ba ta nuna komai.

Da na gama ya ce, "Ba ki ga garaya ba? Ba ki ga an faɗi ana birgima ba?"

"Na ga mace ta faɗi tana birgima, amma dariyarmu take yi, ni da kai."

Na ajiye kwalbarsa a gabansa. "Rubutunka ya shanye. Wannan ruwan da Doguwa ta jawo ne."

Ya ɗaga ta ya haska, kamar yadda ma'aikacin iyaka ya yi. "Mma Rabi, ruwan da iska ta jawo... ya halatta a yi alwala da shi?"

Na ce, "Malam, ni ban yi karatu ba. Amma shekara nawa ina zama a bayan masallacinka lokacin tafsiri, kai da bakinka kake gaya mana iska ce Allah ke aikowa ta koro girgije. Ruwan saman da kake tara a duro kana alwala, wa ya kawo maka shi?"

Ladan ya fara kiran salla. Malam ya janyo butarsa, ya zubar da ruwan da ke ciki a gindin bango, ya buɗe kwalbar ya juye. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya yi alwalarsa cikakkiya muna kallo. Da ya shafa ƙafar hagu, bai juya ba ya ce, "Memuna, ki nemi wanda zai rubuta wa mijinki takarda. Takarda na ce, ba kaset ba. Ki ce ina gaishe shi."

Labule ya motsa, na ji gudun ƙafarta zuwa cikin gida.

Ya sa takalmi, ya ɗan tsaya. "Amma dai a sauya wa abin nan suna."

Na ce, "Wannan kuma sai ka je Tudun Baushe ka gaya wa Tani da kanka. Ni na ga hannunta."